Akushin Baba Tsoho

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, babba da yaro. Kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda duk Ƙofar Marusa ke kira Baba Tsoho, ya riga mu gidan gaskiya bayan gajeruwar jinya. Ni ba mai iya magana a taro ba ne. Ranar da ake zaman makoki, kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, ni kuwa da aka juyo kaina sai na ce Allah ya jiƙansa, na sunkuyar da kai. Abin da bakina ya kasa faɗa a tabarma shi nake so in ajiye a nan, don na ga yadda mutum ke ɓacewa daga bakin mutane da zarar an naɗe tabarmin gaisuwa.

Abin da ya fara ba mu mamaki ranar jana'iza shi ne babura. Tun ba a gama yi masa wanka ba 'yan kabu-kabu suka jera baburansu a jikin katangar masallaci har lungunmu ya toshe. Da aka fito da makara, mu dangi ba mu samu wurin kamawa ba. Samari ne da ba mu san yawancinsu ba suka karɓe ta: wani da baƙin mai a faratansa, wani da tsumman aski a kafaɗa, wani kuma cikin shadda mai sheƙi kamar mai zuwa ɗaurin aure, yana kuka yana share majina da hannun rigar.

Wani dattijo cikin dangin kakata da ya zo daga ƙauye ya matso kusa da ni ya ce, "Kai jika, halan marigayi malamin makaranta ne? Ɗalibai nai ne waɗanga?"

Na ce, "A'a Baba, tela ne."

Ya sake duban taron ya ce, "Tela? To mi ya ɗinka masu haka?"

Maƙwabcinmu, wani tsohon gandiroba mutumin kudancin Kaduna da ya yi ritaya ya zauna a unguwarmu, ya tsaya gefe da hularsa a hannu har aka idar da salla. Da muka dawo daga maƙabarta ya kama hannuna ya nuna samarin da haɓa. Ya ce, "Ka ga waɗannan? Da yawansu ni ya kamata in riƙa kullewa da yamma. Kakanka ne ya rage mani aiki."

A cikin gida kuwa, wadda ta fi kowa kuka ba 'yar uwa ba ce. Wata mata ce mai tuyar awara a bakin titi, wadda suka gudo daga ƙauye da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Na shiga gaishe da mahaifiyata na same ta durƙushe gaban kakata, wadda muke kira Iya.

Tana cewa, "Iya, Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa ya huta. Amma ni yanzu ina zan sa kaina? Wa zai tsaya wa Auta?"

Wasu mata suka fara gunaguni, wai ko ƙasar kabari ba ta bushe ba an zo da buƙata. Iya ta ɗaga masu hannu ta ce, "Ku ƙyale ta. Da yana ji, kukanta ne kaɗai zai tashi zaune ya saurara."

Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, ɗan kabu-kabu. An kama shi da ƙunshin wiwi a kan babur, shari'arsa tana kotu, kuma Baba Tsoho ne ya karɓi belinsa. To mai tsayawa ya rasu. An riga an shaida wa uwar cewa a zama na gaba, wanda bai fi 'yan kwanaki ba, ko dai su kawo wani mai gida a cikin gari ya tsaya masa, ko a mayar da shi gidan yari ya jira shari'a a can. Su kuwa ɗakin haya suke. A duk Katsina ba su da wani mai gida sai wanda muka binne da safiyar nan.

Dole in bayyana abin da kakana ya shahara da shi, don wanda bai san unguwarmu ba. Ba mai unguwa ba ne, ba liman ba, ba shi da ko kujera a wata ƙungiya. Abin da yake da shi gida ne na gado da fuskar da aka sani. Idan aka kama yaro, ko a kan faɗa, ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko a kan hayaƙin nan, aka ce a kawo mai tsaya masa, sai uwar ta nufo ƙofar gidanmu. Ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya ɗauki sanda, ya tafi. Ba ya karɓar ko goro. Amma yana da sharaɗi ɗaya, kuma ba a taɓa sassauta shi ba.

A lungunmu har yanzu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya sa a fito da tuwon gidansa ƙofar Baba Tsoho, a shimfiɗa tabarma, a ci tare. Shi yana zama a kan buzunsa, jingine da bango, da wani tsohon akushi baƙi wanda Iya ta ce ta same shi a gidan. Sharaɗin shi ne: duk yaron da ya tsaya wa, tun daga ranar da ya fito har ranar da alƙali ya yanke hukunci, kullum zai zo ya sa hannu a wannan akushin. Ba a kwanon yara ba, ba a gefe ba. Shi da Baba Tsoho, gwiwa da gwiwa, a gaban dattawan lungu.

Kafin a fara ci yakan ce, "Kawo hannun." Ya kama yatsun yaron ya kai hanci, kamar mai duba turare a kasuwa. In bai ji komai ba ya ce, "Bisimilla." In ya ji, ba ya faɗa, ba ya zagi. Sai ya rufe akushin ya ce, "Yau ni da kai mun ƙoshi." Ya kwana bai ci ba. Na san yara da dama da bulala ba ta taɓa tanƙwara su ba, amma ganin tsoho ya kwana da yunwa saboda su ya sa sun kasa ɗaga ido.

Wani yaro ya taɓa zuwa ya goge hannunsa da lemon tsami da man shafawa. Baba Tsoho ya shinshina ya ce, "Madalla, yau amarya muka samu." Aka fara ci. Yaron bai kai ga loma ta nawa ba sai Baba Tsoho ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Hanci ka ruɗa, tuwon hwa? Ji yadda kake kai loma kamar ana kora ka. Ka bar mani gefena, ɗan nema." Dattawa suka fashe da dariya, yaron ma ya yi, sannan ya fashe da kuka. Shi ne mai shaddar nan da na gani a jana'iza. Yanzu yana da shagon sayar da kayan wuta a Kambarawa.

Na taɓa tambayarsa dalilin wannan sharaɗi. Ni a gidansa na girma tun ina ƙarami, ɗakina yana jikin zaure, kuma yana kirana Malam Shiru. In ya gan ni da littafi sai ya leƙo ya ce, "Kai ne wai za ka ƙwace mani mata? Ko zance ba ka iya ba." Iya ta amsa daga tsakar gida, "Bar mani angona, ya fi ka natsuwa." Ranar da na tambaye shi, ya ajiye allurar da yake ƙoƙarin zura wa zare ya ce, "Malam Shiru, kotu ta ce in kawo mata yaro ranar zama. Ta yaya zan kawo wanda ban san inda ya kwana ba? Wanda ya ci da kai jiya, ka san inda za ka same shi yau. Sannan kuma yaron da aka kama, abin da ya fi kama shi ciwo shi ne ya dawo unguwa kowa ya janye tabarma. In dattawa suka ƙi shi, akwai masu jiransa a bayan ganuwa, su ba su ƙin kowa."

Ba zan ce kullum yana cin nasara ba, don shi ma ba zai so in yi masa ƙarya ba. Wani ya taɓa gudu ana tsakiyar shari'a. Baba Tsoho ya yi ta zarya kotu, ya sha faɗan alƙali a tsaye da furfurarsa, har sai da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa ya bar gidan don biyan kuɗin belin. Yaron bai dawo ba har yau. Da aka yi masa jaje ya ce, "Laifina ne, na ga yana cin tuwo yana kallon hanya, ban tambaye shi ba." Bayan 'yan makonni wata uwa ta zo, ya sake ɗaukar sanda.

Iya ce ta gaya mani asalin abin, wata rana ina taya ta tsince shinkafa. Bayan babban ɗansu, wanda nake kira Kawu, suna da wani ɗa namiji da ni ban tashi na san shi ba. Yana saurayi aka kama shi da ɗan ƙullin wiwi a aljihu. Aka zo aka ce Baba Tsoho ya je ya tsaya masa. Ya ce ba za shi ba, ya zauna can ya ji a jikinsa. Yana tsammanin abin na mako ɗaya ne. Aka yi ta ɗaga shari'a, damina ta wuce, wata ta kusa. Da ya fito, ya fito da sanin abubuwan da bai shiga da su ba, da abokan da ba a san iyayensu ba. Bai daɗe ba ya bar gari, daga baya sai labarin rasuwarsa aka kawo daga kudu. Iya ta ce, "Kakanka bai yi kuka a gabana ba. Amma tun daga nan bai sake jin an ce beli ya zauna ba." Ta ƙara da cewa duk tsawon zaman nan, Kawu ne ke ɗaukar kwano a keke yana kai wa ƙaninsa abinci gidan yari.

Kawu ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai tsari, wanda ba ya son a taɓa masa takalmi in ya jera. Mutuwar ƙaninsa ta koya masa wani abu daban da wanda ta koya wa mahaifinsa. Shi abin da bai manta ba shi ne mutumin da ya fara miƙa wa yaron ƙullin. Ba ya iya jin warin wiwi bai canza fuska ba.

Saɓaninsu ya fito fili ne a wani taro da ƙaramar hukuma ta kira na masu unguwanni da limamai da dattawa. Ana so a ji ra'ayinsu kan magana biyu da ake ta yi a rediyo a lokacin, kafin a aika wa gwamnatin jiha da matsaya. Ta farko, a sassauta sharuɗɗan beli ga masu ƙananan laifuka don a rage cunkoson masu jiran shari'a. Ta biyu, a tsananta hukunci kan masu kai wiwi gida-gida a kan babur, tunda yanzu mai sha ba ya ko fita, waya kawai zai buga a kawo masa kamar an aiko da fura. Na raka Baba Tsoho saboda idonsa ya yi rauni.

Kawu aka ba ya karanta abin da aka tsara. Ya ce ƙaramar hukuma tana goyon bayan tsananta hukunci. Batun sassauci kuma tana goyon baya, amma ban da duk wanda aka kama da wiwi, ko mai sha ko mai kaiwa. Sannan ana roƙon dattawa su daina tsaya wa irin waɗannan yara, don su san unguwa ba ta tare da su.

Baba Tsoho ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya yi sallama, ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, sannan ya juya wajen ɗansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikaci." Mutane suka yi dariya.

Ya ce, "Maganar masu sayarwa, ban da ja. Ku kama, ku ƙone, in kuna son ashana ina da ita. Amma maganar beli, ina da tambaya. Yaron da ubansa ke da gida cikin gari, in an kama shi da sahe, kafin la'asar yana ɗakin uwarsa, ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba. Wanda zai zauna shi ne wanda ya gudo daga ƙauye, ba shi da kowa sai uwa mai kasko. Wannan doka taku shi kaɗai za ta kama. Kuma alƙali bai ce ya yi laifi ba tukuna."

Kawu ya ce, "Baba, ni ma ina da abin da nake gani. Kullum uwaye na zuwa ofis suna kuka, yaransu 'yan firamare ake aika da abin nan. A kama ɗan kabu-kabu yau, a sake shi gobe, jibi yana kan babur da wata ledar. Kai kana da akushi. Sauran unguwanni hwa? Doka ba za ta dogara da tuwon tsoho ɗaya ba."

"To ku sa a cikin dokar kowane dattijo ya sayi akushi."

Aka sake dariya, har da shugaban taron. Ina ganin dariyar ce ta ɗebe shi, ya ƙara abin da bai kamata ya ƙara ba. Ya ɗaga sanda ya zagaya zauren da ita ya ce, "Ku da kuke cewa a bar su can, a cikinku wa ya taɓa kai tuwo gidan yari ya ga yadda yaro ke komawa?"

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na kai, Baba. Kai ne ba ka je ba."

Na ji hannun da ke kafaɗata ya yi nauyi. Baba Tsoho ya sauke sandar, ya ce, "Gaskiya ne," ya zauna. Taron ya amince da abin da Kawu ya karanta. A hanyarmu ta komawa, da muka hango hasumiyar Gobarau, sai ya ce, "Malam Shiru, kawunka bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Shi ya sa ta yi zafi."

Na sha juya maganar nan a raina, na karanta abin da na samu a kan beli a ɗakin karatu na makarantarmu, kuma har yanzu ban iya cewa ɗayansu ya ɓata gaba ɗaya ba. Mutum ɗaya suka rasa. Kawu yana tuna yadda aka fara, Baba Tsoho yana tuna yadda aka ƙare.

Ba a jima da taron ba aka kama Auta. Wani ya ba shi leda ya kai wani gida a Kambarawa, aka tare shi a hanya. Uwar ta zo ƙofar gida ta zauna a ƙasa. Baba Tsoho ya sa riga. Iya ta ce, "Malam, ka tuna yaronka ne ya karanta takardar nan a gaban mutane." Ya ce, "Na tuna. Miƙo mani sanda."

Da aka fito masa da Auta, kafin ya yarda ya tsaya, ya tambaye shi a gabana.

"Ka san abin da ke cikin ledar?"

"Wallahi Baba ban buɗe ba."

"Ban ce ka buɗe ba. Ka sani?"

Auta ya shiga murza yatsu. Can ya ce, "Na ji wari."

"To. Da ka ce mani ba ka sani ba, da nan zan bar ka. Alƙali zai yi nashi, ni ba ruwana da wannan. Nawa tuwo ne. Kana cin miyar kuka?"

Daren farko da Auta ya zauna gaban akushi, maƙwabta biyu suka sa yara suka mayar da kwanukansu gida. Ɗaya ya ce shi ba zai haɗa tabarma da dillalin wiwi ba, masu sha ma da ƙyar ya jure. Kawu, wanda gidansa ke bayan namu kuma bai taɓa fashin ciyayya ba, ya zo ya tsaya, ya dubi Auta, ya dubi mahaifinsa. Ya ce, "Baba, yau a ofis har ana tambayata ko gidanmu ba ya cikin ƙaramar hukumar." Baba Tsoho ya ce, "Ka ce masu yana ciki, mai gidan ne kurma." Kawu bai yi dariya ba. Ya juya. Daga ranar yana zuwa gaisuwa kowace safiya, ya durƙusa, ya tambayi jiki, ya kawo magani in ana buƙata, amma bai sake zama a tabarmar magariba ba.

Auta kuwa bai taɓa fashi ba. An riƙe babur ɗin, sai ya koma taya uwarsa niƙan waken suya da ɗaukar kasko. Da farko a ɗarare yake ci, loma ƙanana, ido a ƙasa. Baba Tsoho ya ce, "Kai, tuwon ba na gwamnati ba ne, saki jiki." A hankali har ya fara ba dattawa labarin fasinjoji, yadda wata hajiya ta sa shi zagaya gari tana neman gidan biki ashe bikin jiya aka yi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan da suka janye ya dawo da kwanonsa, aka matsa masa wuri.

Da ciwo ya kwantar da Baba Tsoho, ya sa a riƙa kai akushin ɗakinsa. Ba ya iya cin komai sai kunu, amma sai an kira Auta, ya kama yatsunsa ya kai hanci, ya ce bisimilla, ya sa nasa hannun a gefen tuwon ya bar shi a nan har yaron ya gama. Wata yamma Kawu ya shigo da magani ya tarar da su haka. Ya tsaya a bakin ƙofa. Baba Tsoho ya ce, "Shigo mana, ma'aikaci." Ya ce, "Zan dawo, Baba." Na ga ya daɗe a zaure kafin ya fita. Ba su sake maganar ba, har Allah ya yi ikonsa.

A kwanakin makoki uwar Auta ta zagaya duk inda take tsammani. Tsohon gandiroba ya so ya tsaya, amma shi ma haya yake. Mai shagon kayan wuta ya ce zai yi, sai dai gidan da yake ciki na surukinsa ne. Masu gidaje a lungu kowa ya ce Allah ya kawo mafita. Ban ga laifinsu ba, kowa ya tuna keken ɗinkin da ya bar gidanmu. Ni kuwa ba ni da komai sai littattafai. Gidan Baba Tsoho yanzu maganarsa tana hannun babban ɗa, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tunkarar Kawu da ita. Uwar ta fara haɗa wa ɗanta 'yan kaya a leda, sabulu da bargo.

Ranar da aka yi addu'ar uku baƙi suka watse, da magariba maƙwabta suka fito da kwanukansu kamar yadda aka saba, don ba wanda ya san yadda ake dainawa. Wani ya shimfiɗa buzun a wurinsa. Sai ga akushi an fito da shi daga cikin gida, a rufe da faifai. Na shiga na ce, "Iya, wa zai ci?" Ta ce, "Ni dai na tuƙa. Ba a ce mani shari'a ta ƙare ba."

Auta ya zo. Ya yi sallama, ya rasa inda zai zauna, ya tsuguna can bakin kwata nesa da tabarma. Ba wanda ya buɗe kwano. Muna nan zaune, akushi a gaban buzun da ba kowa, sai ga Kawu ya fito daga masallaci. Hanyar gidansa ta gabanmu take. Ya yi sallama zai wuce, sai ya tsaya. Ya dubi akushin, ya dubi yaron.

Ya ce, "Kai, mi kake yi nan?"

Auta ya ce, "Baba ya ce kullum, har alƙali ya yanke."

"Baba ya rasu."

"Na sani, Alhaji. Amma bai ce in daina ba."

Kawu ya sake duban akushin. Sannan ya cire takalmansa, ya jera su daidai kamar yadda ya saba, ya hau tabarma. Bai zauna a kan buzun ba, ya zauna a gefensa. Ya jawo akushin ya ɗaga faifan.

Ya ce, "Taso. Kawo hannun."

Ya kama yatsun ya kai hanci. Ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan wane irin wari ne?"

"Awara ce, Alhaji."

"To ka riƙa wankewa da sabulu." Ya saki hannun. "Ka saurare ni da kyau. Ban canza ra'ayi ba. Abin da na karanta a taro, gobe ma in an ba ni zan sake karantawa. In alƙali ya ɗaure ka, ba zan ce an zalunce ka ba. Amma ba za ka jira shi a can ba. Na san hanyar wurin, ba na son in sake bin ta da kwano." Ya tura akushin tsakaninsu. "Kuma in ka gudu, wallahi ni ba Baba ba ne, har ƙauyenku zan bi ka. Bisimilla."

Ranar zaman kotu Kawu ya nemi izini a wurin aiki, ya sa farar riga, ya je ya tsaya. Na ji an yi masa magana a ofis, bai gaya mana abin da aka ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. An sake ɗaga shari'ar. Har yau da nake wannan rubutu ba a yanke ba, kuma ban san yadda za ta ƙare ba. Abin da na sani shi ne Auta a ɗakin uwarsa yake kwana, bargon nan an mayar da shi kan gado. Kullum bayan magariba yana zuwa. Kawu yana ƙorafin cewa yaron ya cika cin gefen da man shanu ya taru, Iya tana aiko da amsa daga ciki cewa marigayi ma haka yake yi masa ƙorafi.

Buzun yana nan jingine da bango, ba wanda ya hau shi tukuna.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ya tsaya wa 'ya'yan mutane a ranar da ba su da kowa. Ka yafe masa wanda bai tsaya wa ba, ka haɗa su a inuwar rahamarka, ka sa Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsaya masa a ranar da kowa ke neman mai tsaya masa. Mu kuma da muka rage a tabarma, ka ba mu ikon buɗe akushin. Amin.